Gwaje-gwajen da muka bi kafin a yi wa Yayata dashen ƙoda

Idan likita ya ce mara lafiya ya kai matakin dashen ƙoda, hankalin dangi yakan tafi wuri biyu: wa zai ba da ƙodar, kuma ina za a samo kuɗin. Da wuya a samu wanda zai faɗa musu tun farko cewa akwai wata tantancewa a tsakani, wadda za ta iya mayar da mutum mai ƙoshin lafiya, mai niyya, mai rukunin jini daidai, a ce ƙodarsa ba za ta zauna a jikin wannan mara lafiyar ba. Aikina gwajin jini ne, na saba haɗa ledar jini da jinin mai karɓa, amma takardun HLA, wato gwajin dacewar naman jiki, fanni ne na daban, sai da na zauna da likitoci da masu gwajin muka bi su layi-layi. Ina rubuta yadda abin ya gudana a kan Yayata, uwar 'ya'ya bakwai wadda hawan jini ya lalata wa ƙoda, domin wanda zai bi wannan hanya ya san abin da ke jiransa a kowace ƙofa.

Zama na farko da likitan ƙoda kusan duk tambayoyi ne. Ya dube ta ya ce, "Hajiya, haihuwa nawa kika yi? Ɓari fa? Leda nawa na jini aka taɓa ƙara miki, kuma yaushe ne na ƙarshe?" Yaya ta ƙirga haihuwa ba gargada, da aka zo kan ɓari da ƙarin jini sai da muka haɗa da katin asibitin da take wankin ƙoda da kuma tunanin maigidanta. Ku je da wannan lissafin a rubuce. Hanya uku ce jiki ke bi ya koyi ƙin naman wani mutum: ciki, ƙarin jini, da dashen da aka taɓa yi a baya. Kowane ciki, har wanda ya zube, yana nuna wa garkuwar jikin uwa rabin alamomin uban yaron. An san wannan tun 1958, lokacin da Jon van Rood a ƙasar Holan da Rose Payne a Amurka suka gano antibodi, wato furotin da garkuwar jiki ke ƙerawa don kama baƙon abu, masu ƙin waɗannan alamomi a jinin matan da suka yi haihuwa da yawa. A ƙasarmu, inda mace mai haihuwa bakwai ko takwas ba abin mamaki ba ce, kuma masu wankin ƙoda ke yawan shan ƙarin jini, wannan tambaya tana da nauyi ƙwarai.

Daga nan aka tura mu gwajin rukunin jini, mai araha, a rana ɗaya ake karɓa. Yaya B ce, don haka mai B ko O ne zai iya ba ta. Alamar Rh, wato fozitib ko negatib, ba ta hana dashen ƙoda, kada wani ya janye saboda ita. Mu biyar muka miƙa hannu. Ƙanwarmu ta fito A, aka ajiye ta gefe. Maigidan Yaya da ni O ne, babban ɗanta da ƙaninmu B ne. Mun fito muna murna, a ganinmu ƙoda huɗu ce a hannu.

Likitan ya ce kada kowa ya kashe ko sisi a kan hoton ƙoda ko gwajin zuciya tukuna, a fara da HLA. Wannan shawara ta tsirar mana da kuɗi mai yawa, domin a ɗakin wankin ƙoda na haɗu da iyalan da suka gama wa mai bayarwa duk gwaje-gwaje masu tsada, sai a ƙarshe gwajin dacewa ya kayar da shi. HLA wasu furotin ne da ke zaune a bayan kusan kowace ƙwayar halitta ta jiki, aikinsu na asali su ɗauko gutsuren abin da ke cikin ƙwayar su nuna wa garkuwar jiki. Umarnin ƙera su yana kan kuromosom na 6. Aji na ɗaya su ne A, B da C, suna kan kusan duk ƙwayoyin da ke da cibiya. Aji na biyu su ne DR, DQ da DP, suna kan wasu ƙwayoyin garkuwa da kuma shimfiɗar cikin ƙananan jijiyoyin jinin ƙoda. Mutum yana gadon jeri ɗaya cif daga uwa, jeri ɗaya daga uba. Saboda haka 'yan'uwa shaƙiƙai suna da damar 1 cikin 4 su dace gaba ɗaya, 2 cikin 4 su dace rabi, 1 cikin 4 su saɓa baki ɗaya. Ɗa da mahaifi kullum rabi ne. 'Yan uba ko 'yan uwa ɗaya ba sa wuce rabi, abin da ya kamata gidan da ke da ɗakuna da yawa ya sani kafin a fara ƙirga masu bayarwa.

Jinin wannan gwaji ana ɗibarsa a kwalba mai murfi shunayya, kuma tunda DNA ake cirowa, ba ya saurin lalacewa. Kowane mutum kuɗinsa daban. An fara dashen ƙoda a Najeriya a asibitin St. Nicholas na Legas a 2000, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya biyo baya a 2002, amma har yanzu wasu daga cikin gwaje-gwajen nan waje ake aika su, galibi Indiya ko Afirka ta Kudu, farashinsu kuma yana bin dala. Ku tambayi kuɗin gwaji da kuɗin aikawa a rarrabe, ku karɓi rasit na kowanne, ku sa ran jiran kamar mako biyu. Sakamakon Yaya ya fito A30, A33, B35, B42, DR11, DR18. Nawa A23, A30, B42, B49, DR13, DR18, wato mun haɗu a uku cikin shida. Na ƙaninmu A33, A74, B35, B72, DR11, DR15, shi ma uku cikin shida, ta ɗaya jerin. Maigidanta yana da A2, A36, B53 da B58, ɗanta kuma ya gaji A36 da B53 daga uban.

A rana ɗaya aka ɗebi jinin Yaya a kwalba mai jan murfi domin neman antibodi. Wannan ana ɗibarsa kafin a ɗora ta a kan injin wanki. Ana barin jinin ya daskare, a tace ruwan da ya taso sama, a zuba shi a kan wasu 'yan duwatsun roba da ido ba ya gani, kowane dutse an shafe shi da HLA iri ɗaya tak, kusan iri ɗari a kowane aji. Duk dutsen da antibodi ta kama, sai a bi ta da wani sinadari mai ƙyalli, na'urar Luminex ta auna hasken ta fitar da lamba mai suna MFI. Akwai gwajin share fage mai araha wanda eh ko a'a kawai yake cewa. Ga mace mai haihuwa da yawa da ƙarin jini, a ganina gara a tsallake shi a biya na dutse ɗai-ɗai kai tsaye, domin can za a ƙare. Kuɗinsa ya kusa na wankin ƙodarta na mako biyu, kuma shi ne kuɗin da ya fi kowanne amfani a duk tafiyar.

Takardar da ta dawo ta tayar mana da hankali. Jerin sunaye ne ja-wur: B53, B58, B57, B51, B52, B44, B49, B13, B27, B38, har da A23, A24, A25, A32, sai A2 a gefe. A sama an rubuta PRA fiye da kashi 80 cikin 100, ma'ana a cikin masu bayarwa 100 jikinta zai ƙi sama da 80. Tambayar da na fara yi ita ce ina Yaya ta haɗu da mutane masu yawa haka, alhali miji ɗaya ta aura. Amsar tana cikin yadda antibodi ke gane HLA. Ba ta rungumar furotin ɗin gaba ɗaya. Hannunta yana sauka a kan wani ɗan fili na amino asid (tubalan ginin furotin) 15 zuwa 22, kuma a tsakiyar filin wasu 'yan kaɗan ne, biyu zuwa biyar, ke yanke hukuncin ko za ta kama. René Duquesnoy na Jami'ar Pittsburgh shi ya tsara lissafin waɗannan 'yan gurabe ya kira su eplet. Kamar askar gado ce a fuska: wanda ya riƙe zanen bai damu da sunan mutum ba, duk wanda ya gani da irin zanen nan zai nuna shi, ko da bai taɓa ganinsa ba. HLA masu suna daban-daban suna tarayya a gurbi ɗaya, antibodi ɗaya kuma tana kama su duka.

Gurbin da ya shafi Yaya sunansa Bw4, yana kan amino asid na 77 zuwa 83. Kusan kowane HLA-B yana ɗauke da ɗayan biyu a wurin, ko Bw4 ko Bw6. B35 da B42 nata duka Bw6 ne, B53 da B58 na maigidanta duka Bw4 ne, don haka kowane ciki da ta ɗauka ya sake nuna wa jikinta wannan gurbi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne B35 nata da B53 nasa kusan abu ɗaya ne, bambancinsu a 'yan amino asid ɗin nan ne kawai, kuma hakan ya isa. B53 yana da yawa a Afirka ta Yamma, binciken da Adrian Hill da abokan aikinsa suka yi a Gambiya suka wallafa a 1991 ya danganta shi da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Wato matar da ke da antibodi a kan Bw4 a yankinmu za ta yi ta cin karo da shi. Dogon jerin nan ashe antibodi biyu ne ko uku. Ita kuwa lambar PRA, sau da yawa da jama'ar wata ƙasa ake lissafa ta, ba ita ce abin dubawa ba idan akwai mai bayarwa a hannu. Abin dubawa shi ne DSA, wato ko cikin abin da jikin ke ƙi akwai wanda ke jikin wannan mai bayarwar.

Da likitan ya jera takardun a tebur, maigidanta da ɗanta suka fita nan take. Yaron ya daɗe yana shirin ba uwarsa ƙoda, ya ce, "Likita, ba jininta ba ne ni?" Likitan ya ce masa, "Rabinka nata ne, ɗaya rabin na Babanka ne, kuma shi jikinta ya riga ya haddace." Ya ƙara da cewa ko da gwajin yau bai nuna komai ba, ƙodar miji ko ta ɗa zuwa ga matar da ta haihu tana buƙatar taka-tsantsan, domin ƙwayoyin da ke ƙera antibodi suna iya kwanciya shekaru, su farka cikin kwanaki bayan dashe. Ranar Yaya ba ta ci abinci ba. Ku shirya wa irin wannan rana, kuma ku sa likita ya yi bayanin a gaban kowa, don kada a koma gida ana zargin wani ya zame.

Ni kuma B49 da A23 nawa duka suna ɗauke da Bw4, duk da Yaya ba ta taɓa samun su daga miji ba. MFI nasu ya tsaya wajen 6,000, ƙasa da na B53, sai aka ce a gwada a gani da ido. Wannan shi ne gwajin haɗi, wanda ma'aikata ke kira kurosmach. Ana buƙatar fararen ƙwayoyin jinin mai bayarwa da ransu, a kwalba mai murfi ruwan ɗorawa ko kore, ba a sa su a firji, kuma su isa cikin awa 24 zuwa 48. Jinin da aka fara ɗiba ya lalace, domin wurin da ya karɓa don aikawa ya ajiye shi a firji ya kwana ƙarshen mako, ƙwayoyin suka mutu kafin a taɓa su. Muka sake biya. Ku ba da jini Litinin ko Talata da safe, ku tambayi ranar tashin kayan, ku tabbatar babu hutun gwamnati a nan ko a can.

Yadda ake gwajin, ana ɗiga ruwan jinin mara lafiya da ƙwayoyin mai bayarwa, kowanne maikurolita 1, a 'yan ramukan wani faranti. Bayan minti 30 a ƙara kwamfilimen, wasu furotin na jini masu huda ƙwaya, da aka samo daga jinin zomo, a jira minti 60, a sa rini, a duba da madubin likita. Inda antibodi ta kama, kwamfilimen zai huda ƙwayar ta mutu ta sha rini. Idan matattun suka haura kashi 20 cikin 100, gwajin ya fito fozitib, kuma a nan fozitib mummunan labari ne. Ana raba fararen ƙwayoyin gida biyu: ƙwayoyin T, masu HLA aji na ɗaya kawai, da ƙwayoyin B, masu aji biyun. Ana kuma maimaitawa da sinadarin DTT, wanda ke karya antibodi nau'in IgM da galibi ba ta cutar da dashe, a bar IgG mai haɗari. Abin da ke faruwa a farantin shi zai faru a jijiyoyin ƙodar: antibodi ta kama shimfiɗar ciki, kwamfilimen ya yayyaga ta, jini ya daskare, ƙodar ta yi baƙi tun ana ɗakin tiyata. A 1969 Ramon Patel da Paul Terasaki suka nuna cewa cikin dashe 30 da aka yi da gwajin fozitib, 24 sun mutu nan take. Tun daga lokacin gwajin haɗi ya zama ƙa'ida kafin dashe.

Nawa ya fito negatib a farantin, gida ya ɗauki murna. Likitan ya ce a dakata a yi na biyu da na'urar fulo saitometa, wadda ke ganin antibodi ko da ba ta kai ƙarfin kashe ƙwaya ba. Wannan ya fito fozitib a T da B. Ma'anarsa ƙodata ba za ta mutu a tebur ba, amma akwai babban haɗarin jiki ya far mata a makonnin farko ko ya ci ta a hankali. Aka gaya mana akwai hanyar rage antibodi: a tace ruwan jini da inji sau da dama, a bi da allurar IVIG, wani lokaci da rituximab, magungunan da ke danne antibodi. Kuɗin yana iya kusantar na tiyatar kanta, antibodi tana iya dawowa, haɗarin kamuwa da cututtuka kuma yana ƙaruwa. Duk wanda aka ce masa kurosmach ya yi kyau, ya tambaya wanne daga cikin biyun aka yi. Ya kuma sani MFI ba ma'aunin adadi ba ne cif-cif. Wurare da yawa suna yanke iyaka tsakanin 1,000 da 1,500, amma antibodi mai ƙarfi sosai tana iya fitowa da ƙaramar lamba idan kwamfilimen ya tare hasken, sai an sa sinadarin EDTA mai hana kwamfilimen aiki a ruwan jinin ko an sirka shi. Wadda ke kama gurbin da duwatsu da yawa suka yi tarayya a kai, irin Bw4, tana rarrabuwa a kansu lambar ta ragu. Ku tambaya ko an sa EDTA.

Ƙaninmu ne ya rage. Dacewarsa uku cikin shida ce kamar tawa, amma A74, B72 da DR15 babu ɗayansu a jerin jan, B72 kuma Bw6 ne. An ƙara masa gwajin C, DQ da DP, domin antibodi a kansu ma tana kashe ƙoda kuma takarda mai A, B da DR kawai ba za ta nuna ba. Ana cikin haka jinin Yaya ya yi ƙasa sosai, aka ƙara mata leda ɗaya cikin gaggawa a wani asibiti kusa da gida. Ba yadda za a yi, rai ya fi komai, amma duk sakamakon antibodi na baya ya tashi daga aiki. Dole aka jira mako biyu zuwa huɗu, lokacin da sabuwar antibodi ke bayyana, aka sake biyan gwajin. Allah ya taimaka ba sabon suna a jerin. Wanda ke jiran dashe ya riƙe allurar eritropoyetin mai sa jiki ƙera jini da ta sinadarin ƙarfe da muhimmanci, tsadarsu ba ta kai ta leda ɗaya da za ta rufe masa ƙofa ba. Idan ƙarin jini ya zama dole, a nemi wanda aka tace fararen ƙwayoyinsa, kuma kada a karɓa daga ɗan'uwan da ake sa ran zai ba da ƙoda.

Sai da gwaje-gwajen haɗi biyun na ƙaninmu suka fito negatib sannan aka shiga binciken lafiyarsa: awon hawan jini da suga, kiriyatinin (ma'aunin aikin ƙoda a jini), furotin a fitsari, jinotayif, ƙanjamau, ciwon hanta B da C, hoton ƙirji, gwajin zuciya, da hoton CT na jijiyoyin ƙoda. An gana da shi shi kaɗai a tabbatar ba a tilasta masa ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta sayar da sassan jiki, don haka aka nemi katin shaida na kowa, hotuna, takardar rantsuwa daga kotu mai tabbatar da dangantaka da cewa kyauta ce, da takardar amincewa mai sa hannu. Sunan da ke katin NIN ya zama daidai da na takardun gwaji harafi da harafi, in ba haka ba za a sake komawa kotu.

Ana saura kwanaki kaɗan tiyata aka ɗebi sabon jini aka maimaita gwajin haɗi, domin na watannin baya ba ya wakiltar yau. Saboda yawan antibodin Yaya, an fara mata da allurar ATG mai danne garkuwar jiki da ƙarfi maimakon mai sauƙi. Fitsari ya fito tun a ɗakin tiyata, kiriyatinin ya yi ta sauka a kwanakin da suka biyo. Aka sallame ta da magungunan hana jiki ƙin ƙodar: tacrolimus, mycophenolate da prednisolone. Tacrolimus kowace awa 12 ne ba ƙari ba ragi, ranar awonsa ana ɗibar jini kafin a sha na safe. Maganin tarin fuka rifampicin yana zubar da ƙarfinsa, jiƙe-jiƙen gargajiya kuma ba a san abin da za su yi masa ba, batun azumi ma sai an zauna da likita. Tsallake magani shi ne babbar hanyar da jiki ke bi ya ƙera sabuwar DSA bayan dashe, mafi yawa a kan DQ, kuma takan fara ɓarna tun kiriyatinin bai motsa ba. Shi ya sa ake sake gwajin duwatsun a watannin farko, da kuma duk lokacin da kiriyatinin ya hau ko furotin ya bayyana a fitsari, idan an ga DSA a ɗan tsago naman ƙodar a duba. Kowace takardar antibodi ta Yaya, tun ta farko, tana cikin fayil ɗaya da kwanan watanta da kwafi a waya, domin sunan da ya taɓa fitowa ja ana ci gaba da lissafa shi ko da ya ɓace a gwajin da aka yi daga baya, kuma duk likitan da zai ƙara mata jini ko ya canza mata magani zai nemi ganinsu.